Ferobskait: Sabon Sinadarin Sola Da Ya Kamo Silikon, Da Abin Da Ya Hana Shi Cika Kasuwa

A watan Maris na 2025, a baje kolin wayoyin hannu na MWC da ake yi kowace shekara a birnin Basalona na ƙasar Sifaniya, kamfanin Infinix ya nuna wata wayar gwaji wadda bayanta ke karɓar haske yana ɗura wa batir caji. Watanni biyu kafin nan, kamfanin Anker da masu waya suka sani da fawa bank da caja ya nuna wata lema a baje kolin CES na Las Vegas a Amurka, wadda ke samar da lantarki idan aka buɗe ta a rana. Babu silikon ɗin da aka saba gani a farantan sola na kan rufin gidaje a cikin waɗannan kaya biyu. Wani sinadari aka yi amfani da shi mai suna ferobskait, wanda ake rubutawa perovskite da Turanci.

A ɗakin gwaje-gwaje, ferobskait ya riga ya kamo silikon wajen juya haske zuwa lantarki, kuma haɗa shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da ya rage masa shi ne tsawon rai. Farantin silikon mai kyau yana zuwa da garantin shekara 25, shi kuwa ferobskait na farko cikin mintuna ya lalace. Aikin da masana suka fi ba ƙarfi a yau shi ne cike wannan tazara, kuma sakamakonsa ne zai nuna ko sinadarin zai hau rufin gidaje ko zai tsaya a wuraren baje koli.

Mene ne ferobskait?

Asalin sunan na wani dutse ne da masanin ma'adinai ɗan ƙasar Jamus, Gustav Rose, ya gano a tsaunukan Ural na Rasha a 1839, aka sa masa sunan wani masani ɗan Rasha, Lev Perovski. Amma ba wannan dutsen ake haƙowa a yi sola da shi ba. Daga baya sunan ya koma na duk wani sinadari da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru irin jerin na wancan dutse, kuma wanda ake sola da shi a ɗakin gwaji ake haɗa shi.

Za a iya kwatanta tsarinsa da keji. Dalma da aidin, wato irin aidin ɗin da ake sa wa gishiri, su ne sandunan kejin: kowace ƙwayar dalma tana kewaye da ƙwayoyin aidin shida. A tsakiyar kejin akwai wata babbar ƙwaya da ke zaune tana tokare shi don kada ya rufta. A ferobskait na farko, wannan ƙwaya wani sinadari ne da masana ke taƙaita sunansa da MA. Yana da kyau a riƙe wannan hoto na keji da mai tokare shi, domin kusan duk matsalolin ferobskait da magungunansu daga nan suke fitowa.

Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda yake shan haske. Shimfiɗar ferobskait mai kaurin kusan rabin maikron ta isa ta shanye yawancin hasken da ake buƙata, alhali yankan silikon da ke cikin faranti yana da kaurin maikron 130 zuwa 170. Don a gane ƙanƙantar abin, silin gashin mutum yana kai wa kusan maikron 70. Sannan silikon sai an tace shi an narkar da shi a zafin da ya haura digiri 1,400 a ma'aunin Salsiyos. Ferobskait kuwa narkar da gishirinsa ake yi ya zama kamar tawada, a shafa a kan gilashi ko leda mai lanƙwasuwa, a busar da shi a zafin digiri 100 zuwa 150. Shi ya sa ake iya yin sola marar nauyi da za a liƙa a bayan waya, a jikin jaka ko a kan lema.

Yadda ya kamo silikon

Idan aka ce ƙarfin faranti kashi 20 cikin 100 ne, ana nufin yana juya kashi 20 na hasken da ya sauka a kansa zuwa lantarki. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya yana kai wa kusan wat 1,000, don haka irin wannan faranti zai ba da wat 200. Yawancin farantan silikon da ke kasuwa yanzu suna tsakanin kashi 21 zuwa 23.

A 2009, tawagar Farfesa Tsutomu Miyasaka ta Jami'ar Toin da ke Yokohama a Japan ta wallafa ƙwayar sola ta farko da aka yi da ferobskait. Ƙarfinta kashi 3.8 ne kacal, kuma ruwan sinadarin da ke cikinta yana narkar da ferobskait ɗin cikin mintuna. A 2011 Nam-Gyu Park na Jami'ar Sungkyunkwan a Koriya ta Kudu ya kai kashi 6.5. Babban sauyi ya zo a 2012, lokacin da aka cire ruwan aka sa daskararren sinadari a madadinsa. Park da Michael Grätzel na Suwizalan suka sami kashi 9.7, Henry Snaith na Jami'ar Oxford a Ingila ya sami kashi 10.9. Daga nan ɗakunan gwaje-gwaje na duniya suka rufar wa sinadarin, kuma a yau ƙarfinsa ya haura kashi 26.

Silikon ya fara da kusan kashi 6 a cibiyar Bell Labs ta Amurka a 1954, kuma sai da ya shafe fiye da shekara 60 kafin ya kai kashi 26. Ferobskait ya yi wannan tafiya cikin kusan shekara 15. Sai dai akwai abin lura: ƙwayoyin da ke kafa waɗannan tarihi ƙanana ne, galibi ba su kai girman farcen ɗan yatsa ba. Shafa shimfiɗa mai kauri ɗaya, babu huji babu tabo, a kan gilashi mai faɗin ƙofa wani aiki ne daban, kuma ƙarfin yakan ragu yayin da girman ya ƙaru.

Abubuwan da ke kashe shi

Ƙwayoyin silikon suna riƙe da juna gam, kamar dutse. Na ferobskait riƙonsu sako-sako ne, irin na gishiri. Wannan laushi ne ya sa ake haɗa shi da ɗan zafi kaɗan, kuma shi ne ya sa yake saurin lalacewa.

Abu na farko shi ne danshi. Tururin ruwan da ke cikin iska yana kutsawa cikin kejin ya janye ƙwayar da ke tokare shi. Kejin sai ya rufta, baƙar shimfiɗar ta koma ruwan ɗorawa. Wannan launi alama ce ta cewa abin da ya rage gishirin dalma da aidin ne kawai, wanda ba ya amfanar da komai wajen samar da lantarki.

Na biyu zafi. Sinadarin MA ba ya jure zafi, yana fara rabuwa ya fice a matsayin iska a wajen digiri 85. Wannan adadi bai yi nisa da abin da faranti ke fuskanta ba, domin faranti a cikin rana yakan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da digiri 20 zuwa 30. A Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, faranti a kan rufin kwano yana iya kusantar digiri 70 kullum.

Na uku haske da iskar oksijin idan suka haɗu. Abin mamaki ne a ce haske na cutar da abin da aka yi don haske, amma haka yake. Idan oksijin ya shiga cikin shimfiɗar yayin da rana ke dukanta, yana karɓar cajin lantarkin da aka samar ya zama mai ci, sai ya afka wa kejin daga ciki.

Na huɗu shi ne wanda ya fi wuyar magani, domin ko an rufe ƙwayar ruf babu iska babu ruwa, yana faruwa. Ƙwayoyin aidin ba sa zama wuri ɗaya. Duk inda aka sami gurbi a cikin kejin, sai ta kusa ta yi tsalle ta cike shi, ta bar wani gurbin a baya. Haske da zafi da ƙarfin lantarki suna ƙara wa wannan ƙaura sauri. A hankali aidin ɗin yana taruwa a gefe, har ya kai ga siririn ƙarfen azurfa da ke kwashe lantarkin, ya cinye shi.

Na biyar sauyin siffa. Da aka ga MA ba ya jure zafi, sai aka gwada wani sinadari mai suna FA da kuma ƙarfen sisiyom a tsakiyar kejin. Sun fi jure zafi, amma girmansu bai dace da kejin daidai ba: FA ya ɗan yi girma, sisiyom ya yi ƙanƙanta. Saboda haka a zafin ɗaki kejin yakan karkace ya koma wata siffa mai ruwan ɗorawa da ba ta shan haske yadda ya kamata.

Gyare-gyaren da ake yi

Gyara na farko shi ne gauraya. Tunda FA ya yi girma, sisiyom ya yi ƙanƙanta, haɗa su yana ba da matsakaicin girman da ke riƙe kejin a tsaye. A 2016 Michael Saliba da abokan aikinsa a cibiyar EPFL da ke Lozan a Suwizalan suka wallafa haɗin sisiyom da MA da FA, wanda ya ba da kashi 21.1 kuma ya fi na baya ɗorewa. Ɗakunan gwaje-gwaje da yawa suka ɗauki wannan haɗi. Daga baya aka ci gaba da rage MA, wasu ma suka cire shi gaba ɗaya.

Gyara na biyu shi ne toshe ramuka. Shimfiɗar ferobskait tarin ƙananan tsaba ce da suka manne da juna, kuma a saman shimfiɗar da kan iyakokin tsabar ne ake samun gurabe mafi yawa. Ta nan danshi ke shiga, ta nan aidin ke ƙaura, a nan kuma cajin lantarki ke ɓata kafin a kwashe shi. Masana suna shafa wata siririyar shimfiɗa ta manyan ƙwayoyi masu korar ruwa a saman, wadda ke cike guraben kamar yadda ake yaɓe bangon da ya tsattsage kafin damina. Amfanin wannan dabara biyu ne, domin ramin da ke rage tsawon rai shi ne dai ke rage ƙarfi. Shi ya sa sau da yawa gyara ɗaya ke inganta duka biyun.

Gyara na uku ya shafi maƙwabtan ferobskait. Ƙwayar sola tana da shimfiɗu da dama, ferobskait a tsakiya, sama da ƙasa kuma akwai waɗanda ke kwashe cajin. An gano cewa wasu daga cikinsu ne ke jawo lalacewa. Ɗaya da aka daɗe ana amfani da ita sai an sa mata gishirin litiyom kafin ta yi aiki, shi kuwa wannan gishiri janyo danshi yake yi. A 2019 masu bincike na cibiyar Helmholtz da ke Balin a Jamus tare da Jami'ar Fasaha ta Kaunas a Lituwaniya suka fito da wata shimfiɗa mai kaurin ƙwaya ɗaya tak, wadda ke jera kanta da kanta a kan gilashi. Yanzu yawancin ƙwayoyin da ke kafa tarihi da irinta ake yin su. Wasu kuma, kamar tawagar Hongwei Han a birnin Wuhan na Chaina, sun maye gurbin zinariya da azurfa da kabon, wato sinadarin gawayi, wanda aidin ba ya ci kuma ya fi araha.

Gyara na huɗu shi ne rufewa. Ana sa ƙwayar tsakanin gilashi biyu a liƙe gefunan da wata irin roba da tururin ruwa ba ya ratsawa. Wannan yana hana danshi da oksijin shiga, yana kuma hana iskar da ke fita daga ferobskait ɗin tserewa, abin da ke rage saurin rabuwarsa. A nan ne sola mai lanƙwasuwa ke da rauni, domin leda ba ta kai gilashi tare danshi ba, kuma ledar da ta iya hakan tana da tsada.

Ta yaya ake sanin zai kai shekara 25?

Ba wanda zai jira shekara 25 kafin ya sayar da kaya, don haka masana'antar sola tana da gwaje-gwajen gaggawa da ke cikin ƙa'idar IEC 61215. A ɗaya daga ciki ana ajiye faranti na awa 1,000 a zafin digiri 85 da danshi kashi 85 cikin 100. A wani kuma ana kai shi sanyin digiri 40 ƙasa da sifili a dawo da shi zafin digiri 85, har sau 200. Ƙwayoyin ferobskait da aka rufe da kyau sun fara cin waɗannan gwaje-gwaje.

Sai dai don silikon aka tsara su, kuma a cikin duhu ake yin su. Ferobskait ya fi lalacewa idan haske da zafi suka haɗu a kansa yana cikin aiki. Saboda haka a 2020 masu bincike daga ƙasashe da dama suka amince da wasu ƙa'idoji na musamman da ake kira ISOS. Adadin da aka fi dubawa shi ne T80, wato tsawon lokacin da ƙwaya ke ɗauka kafin ƙarfinta ya sauka zuwa kashi 80 na yadda ta fara.

A 2022 tawagar Lynn Loo ta Jami'ar Princeton a Amurka ta gasa ƙwayoyin ferobskait na sisiyom a ƙarƙashin haske a zafin da ya kai digiri 110, ta yi lissafin cewa a zafin digiri 35 za su yi fiye da shekara biyar ana haska su dare da rana kafin su sauka zuwa kashi 80. Wannan lissafi ne daga ɗakin gwaji. A fili kuwa, masu bincike na Jami'ar KAUST a Saudiyya sun ajiye ƙwayar ferobskait da silikon a gaɓar Bahar Maliya, wuri mai zafi da danshi da ƙura, bayan shekara ɗaya ta riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinta. Idan aka tuna cewa an faro daga mintuna, wannan ci gaba ne babba. Amma farantin silikon kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 yake rasawa a shekara, don haka da sauran tafiya.

Sola mai hawa biyu

Hanyar da ferobskait ya fi kusa da shiga kasuwa ita ce ta hawa kan silikon. Hasken rana ya ƙunshi launuka da yawa, kuma kowane sinadari yana da ɓangaren da ya fi iya amfani da shi. Shi ya sa silikon shi kaɗai ba zai wuce kusan kashi 29 ba komai gyara. Idan aka shimfiɗa ferobskait a sama, sai ya kama shuɗi da koren haske, ya bar ja da wanda ido ba ya gani su wuce zuwa silikon da ke ƙasa. Kamfanin LONGi na Chaina ya kai kashi 33.9 da irin wannan ƙwaya a 2023, ya kai kashi 34.6 a 2024.

A watan Satumba na 2024 kamfanin Oxford PV, wanda masana'antarsa ke garin Brandenburg a Jamus, ya sanar da aika farantan farko na sayarwa zuwa wani abokin ciniki a Amurka, masu ƙarfin kashi 24.5. Japan kuma ta sa burin girka gigawat 20 na ferobskait nan da 2040. Tana da dalili: filin shimfiɗa sola ya yi mata kaɗan, don haka tana son marar nauyi da za a liƙa a bangon gine-gine, sannan ita ce ta biyu a duniya wajen samar da aidin bayan ƙasar Chile.

Mai hawa biyu ma bai tsira daga matsalar ba. Domin ferobskait na sama ya dace da silikon, ana gauraya aidin da buromin a cikinsa, su kuwa idan haske ya buge su sukan rabu kowa ya koma gefensa, ƙarfin ya ragu. Kuma idan hawan sama ya mutu, yana jan na ƙasa, ko da silikon ɗin lafiyarsa ƙalau.

Batun gubar dalma

Dalmar da ke cikin ferobskait ba ta kai giram ɗaya ba a kowace murabba'in mita, alhali batirin mota ɗaya yana ɗauke da kilo da yawa. Damuwar ita ce irin ta ferobskait tana narkewa a ruwa, don haka fasasshen faranti da ruwan sama ya doka zai iya zubar da ita cikin ƙasa. Wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta kashe yara kimanin 400, ya san ba abin wasa ba ne. Masana suna gwada shimfiɗun da ke kama dalmar idan gilashi ya fashe, suna kuma gwada kuza a madadinta. Kuza dai tana saurin lalacewa idan ta haɗu da iska, kuma ƙarfinta bai kai na dalma ba. A ƙasashen da ba su da tsarin karɓar tsofaffin kayan lantarki, tambayar ina faranti zai ƙare bayan ya mutu tana da muhimmanci tun kafin a shigo da shi.

Me wannan ke nufi ga mai waya?

Ɗan lissafi zai taimaka. Bayan waya mai tsawon santimita 16 da faɗin 7.5 yana karɓar hasken da bai wuce wat 12 ba a rana tsaka. Ko da sola mai ƙarfin kashi 25 ce, wat 3 za a samu. Batir mai 5,000mAh yana ɗaukar kusan wat-awa 19, ke nan sai wayar ta yi fiye da awa shida kwance a cikin rana, zafin da zai lalata batirin kansa. Wayar da Infinix ya nuna ma wat 2 ne iyakar abin da aka ce tana bayarwa. Irin wannan sola tana iya ƙara wa waya ɗan lokaci, amma ba za ta maye gurbin caja ba.

Inda ferobskait zai fi saurin isowa hannun jama'a shi ne ƙananan na'urori. Ana iya daidaita haɗinsa ya dace da hasken ƙwan lantarki na cikin ɗaki, inda silikon ba ya taɓuka abin kirki, kuma na'ura irin su rimot ko allon farashi na kanti ba ta buƙatar shekara 25. Kamfanin Saule Technologies na Olga Malinkiewicz ya buɗe masana'anta a birnin Wrocław na Foland a 2021, inda aka riƙa buga ferobskait a kan leda kamar yadda firinta ke buga takarda, don irin waɗannan kaya.

Ga wanda ke tara kuɗin sa sola a gida ko a shagon cajin waya, babu dalilin jira. Silikon ya yi araha, kuma an san tarihinsa. Kuɗin faranti ɓangare ne kawai na kuɗin aikin, akwai ƙarafan ɗaurawa da wayoyi da ladan mai haɗawa, don haka faranti mai araha da za a canza duk shekara biyar ya fi tsada a ƙarshe. Ranar da ferobskait ya iso kasuwa, adadin kashi nawa cikin 100 da aka rubuta a kwali ba zai wadatar ba. Mai saye ya tambayi garantin shekara nawa ne, kashi nawa na ƙarfin aka yi alkawarin zai rage a ƙarshen garantin, ko an gwada shi a fili a ƙasa mai zafi, da kuma wanda zai karɓe shi idan ya fashe.